Wai Mama Ba Ta Bar Kowa Ba

Kwana huɗu na yi a kan tabarmar makokin Mama, a tsakar gidanta da ke bayan kasuwar Samaru, kuma abin da kunnena ya ji a kwanakin nan ya ishe ni. Matan zumuntar coci sun zo da zannuwansu iri ɗaya, sun yi waƙa, sun yi kuka na gaskiya, ban ce ba su yi ba. Amma duk wadda ta share hawaye sai ta karkata wajen ta kusa da ita ta rage murya: “Baiwar Allah, ga kirki ga hannun kyauta, sai dai babu baya.” Maƙwabciyarta mai ƙosai, wadda suka tsufa suna aron turmin juna, cewa ta yi Allah bai nufe ta da haihuwa ba, shi ya sa ta ƙare rayuwarta a kan ’ya’yan mutane. Ɗan wan mijinta kuwa, wanda ya taso daga ƙauyensu na kudancin Kaduna don ya tsaya a kan jana’izar, shi ya kai rubutu wajen masu buga takardu a unguwar PZ. Da aka raba takardar na duba. An sa sunan iyayenta, da na mijinta da ya riga ta, da shekarun da ta yi tana shara a ɗakunan kwanan ’yan mata na jami’a. Layin ƙarshe ya ce ta rasu ba ta bar ɗa ko jika ba.

A daidai lokacin da nake karanta wannan layin, wadda ke tuƙa tuwon baƙi ’yarta ce. Wanda ya kafa rumfa tun safe ɗanta ne, haka ma wanda ya kawo motar ɗaukar gawa. Mutanen nan suna cin tuwonmu, suna zaune a inuwar rumfarmu, suna cewa ba mu nan. Na so in yaga takardar a gaban kowa. Ban yaga ba, na ninke ta na sa a jaka, na ce a raina ranar binnewa za su gani da idonsu. Ranar ta zo, kuma ni da kaina na tabbatar musu da ƙaryar. Abin da ya sa nake rubutun nan ke nan, kuma duk wanda ya ji zafi a cikinsa ya sani na fi shi ji.

Ni ce ta uku a ’ya’yan Mama. Ba ita ta haife ni ba. Daga wani ƙauye na fito cikin duwatsun da ke gaba da Jalingo, kwana biyu a mota, lokacin da wayar hannu ba ta shiga hannun kowa ba. A gidanmu babu wanda ya taɓa ganin ƙofar jami’a. Na yi kwana uku ina bin layin rajista, kowane ofis ya tura ni wani, ban samu ɗaki ba, Turancin da nake taƙama da shi a ƙauye ya maƙale mini a wuya. Rana ta uku da azahar wata mai shara ta same ni zaune a kan jakata ta bakko ina kallon ƙasa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce in tafi bayan kasuwa in ce gidan Mama nake nema, tare suka yi aiki kafin ta yi ritaya.

Na tarar da gajeriyar tsohuwa tana tsince shinkafa. Ta dube ni sama da ƙasa, ba sannu ba madalla, ta ce, “Me kuke ci a garinku?”

Na ce tuwon masara da miyar karkashi.

“Da kifi ko da nama?”

“Da busasshen kifi, Mama.”

Ta ture shinkafar ta ɗauki mayafi ta fita. A ranar na ci miyar karkashi mafi muni a rayuwata, kanwa ta yi mata yawa har tana ɗaci, ina ci ina kuka kamar an doke ni. Ta zauna tana kallona har na suɗe kwanon. Sai ta ce, “Shekara ashirin ina wanke banɗakin ɗalibai, na san inda kuke zuwa ku yi kuka. A nan gidan a tsakar gida ake yi, kowa ya gani.”

Haka take yi wa kowa. Ba ta iya girkin kowace ƙabila ba, amma babu wanda ba ta gwada ba. Ta ɓata egusi, ta ɓata amala, ta ɓata burabusko, masu abincin suna ci suna dariya suna gyara mata. Duk wanda zai dawo daga hutu sai ya zo da wani abu na tukunyar garinsu, ko da ƙullin daddawa ne. Ba ta san karatun boko ba, ba ta taɓa iya faɗin sunan kwas ɗin kowa daidai ba. Amma ta san wanda ya daina wanka, da wadda ta daina tsefe kai, da wanda dariyarsa ta yi yawa fiye da kima, kuma kafin malamansu su lura ita ta riga ta aika a kira mata su.

Ba waliyyiya ba ce, kada wani ya ce na yi mata kwalliya. Bakinta ya fi barkono zafi. Tana sa ido a kan abin da ba ruwanta. Ta kori saurayina na farko da tsintsiya saboda ya gaishe ta hannunsa a aljihu, kuma har ta mutu ba ta yarda ta yi kuskure ba. Amma a gidan nan na wannan ’yar zumuntar coci akwai buta da tabarmar salla a rataye domin ’ya’yanta Musulmi, in azumi ya zo ita ke dama musu kunu. In aka shiga yajin aiki aka rufe makaranta, masu gida kusa su watse, mu na nesa mu kwaso jakunkuna mu cika mata ɗakuna biyu da zaure. Wata rana mai ƙosai ta leƙo ta ce, “Yanzu su nawa ke nan?” Mama ta zabura ta ce, “Ke kina ƙirga naki? Ba a ƙirga mini ’ya’ya.”

Tana da dokoki biyu, kuma a kansu gidan ya tsayu. Ta farko, girma a gidan da ranar shigowa ake auna shi, ba da shekaru ba. Duk sabon zuwa sai ta damƙa shi a hannun wani ta ce, “Ga yayanka.” Yayan nan shi zai nuna maka ofis-ofis, da motar da ke zuwa Sabon Gari, da inda ake gwanjo, shi zai zauna da kai a layin asibiti. Mun ga magidanci mai furfura, ya zo karatun digiri na biyu, yana ce wa yarinya ’yar shekara sha tara Yaya, yana ɗauko mata kujera.

Ta biyu ita ce ta farantin Lahadi. Kowace Lahadi da la’asar ana zuba abinci a manyan faranti, a zauna a zagaye, kuma babu mai sa hannu sai babba ya sa. In babban ya yi tafiya, na bayansa ne babba. Amma in ya ce yana hanya, to jira ake yi, ko tuwo zai sandare. Babban Yayanmu, wanda ya fara shigowa gidan, ɗan can kudu maso yamma, ba ya zuwa komai a kan lokaci. Mun sha zama muna haɗiyar yawu saboda shi. In muka yi ƙorafi Mama ta ce, “Wanda yake garinsu in ya tarar an ci, haushi kawai zai ji. Wanda ba garinsu ba in ya tarar an ci, tunawa zai yi shi baƙo ne. Ku jira shi.” Shi wannan Babban Yaya, da zazzaɓin taifot ya kayar da shi, Mama ce ta ɗaure shi da zani a bayan ɗan acaɓa, ta hau ta tallafe shi har asibiti, ta yi mako biyu tana wanke masa abin da ba na iya rubutawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarata ta biyu aka manna sakamako a allo, na ga na faɗi darussa biyu. Kari-oba biyu, ni da aka yi wa addu’a a cocin ƙauye aka rako har bakin titi. Ban gaya wa kowa ba. Washegari da hantsi na ɗaure jakata na shiga mota zuwa tashar Sabon Gari, na yanke na bar karatu. Ina zaune ina jiran mota ta cika sai ga Mama, zani a karkace, tana haki. Ta ce wa ɗan kamasho ya sauko da jakar bakko mai ja-ja ɗin can. Ya dube ta ya dube ni, ya sauko da ita. Ta ɗora ɗuwawu ta zauna a kai a tsakiyar tasha.

Na ce, “Mama, ki tashi mini a kan kaya.”

“Ba zan tashi ba.”

“Mutane suna kallonmu.”

“Su kalla, ido nasu ne. Ki je ki ce wa tsohonki me? Allo ya kore ki?”

Fasinjoji suka fara sa baki, wani na cewa yarinya ki ji maganar uwarki. Nan ne abin ya kufce mini. Na ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji, na ce, “Ba uwata ba ce! Ke ba uwata ba ce, ki rabu da ni!”

Na ga fuskarta. Har gobe ina ganinta. Matar da aka shekara arba’in ana yi mata gori a ƙauyen miji da layin famfo, ga shi ta sha a bakin wadda ta ci karkashinta. Ta ce a hankali, “Na sani. Uwarki tana can, kwana biyu a mota. Ni ce a kusa. Kuma ba inda za ki, jiya aka kawo miki ƙanwa.”

Da gaske take. Wani mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari ya kawo ’yar ɗan’uwansa daga Aba, ba ta jin ko “zo” da Hausa, tun da aka kawo ta ba ta ci komai ba. Da muka koma gida na same ta a lungu ta haɗa kai da gwiwa. Ta ɗago ta ce mini, “Sista, I wan go house,” wai gida take son komawa. Ni da na dawo daga tasha yanzun nan, na ji bakina yana ce mata babu inda za ta, ta tashi mu je in nuna mata makaranta. Na yi ta jan ta daga ofis zuwa ofis, na koya mata ciniki, na raka ta asibiti. Ina cikin hidimarta na maimaita darussana na ci, ban ma san lokacin da na daina tunanin guduwa ba. Mama ta san abin da take yi. Ta san wanda aka ba wa wani ya riƙe ba ya samun sukunin faɗuwa.

Kwana bakwai bayan tashar nan Mama ba ta ce mini uffan ba. Amma kullum in na dawo daga aji zan tarar da kwanona a rufe a gefen murhu. Rana ta takwas ta aike ni sayo gishiri, shi ke nan aka wuce wurin. Ni kuma na ɗauka an wuce. Na gama karatu, na samu koyarwa, na yi aure na zauna a Muciya, nan cikin Zariya, kowace Lahadi ina gidanta. Na saya mata zani, na kai ta asibiti, na yi komai, amma ban taɓa buɗe baki na janye kalmar nan ba. Kullum cewa nake akwai lokaci.

Ranar Juma’a aka binne ta. ’Ya’yanta sun zo daga Legas, daga Maiduguri, daga Makurɗi, mun cika gefe guda na maƙabartar, masu gyale da masu ɗankwali da masu hula. Yaya ta biyu ta rasu wajen haihuwa shekarun baya. Babban Yaya, wanda yanzu babba ne a wani ofis a Abuja, tun safe yake turo mini saƙo a waya. Ya taso. Ya wuce Kaduna. Muna bakin kabari saƙon ƙarshe ya shigo: ya shigo Zariya, a jira shi.

Aka saukar da akwati. Tsohon fastonmu, wanda ya san mu ɗaya-ɗaya, ya ɗebo ƙasa a shebur ya ce, “Bisa ga al’ada, ’ya’yan marigayiya ne ke fara zuba ƙasa.” Ya juyo gefenmu ya miƙo shebur ɗin. Da gangan ya yi, dama ya ba mu a gaban masu takarda da masu raɗa. Ni kuwa waya na hannuna, idona na kan ƙofar maƙabarta. Ya ce yana hanya. Shekara nawa aka yi ana hora mu a kan wannan? Babu wanda ya motsa. Na ji wata a cikin matan zumunta ta ja tsaki. Sai ɗan wan mijinta ya yi gyaran murya ya matso ya ce, “Baba Fasto, ai babu ’ya’ya.” Ya ɗebi ƙasar ya watsa. Na ji ƙararta a kan akwatin.

Ana watsewa ƙanwata ta Aba, wadda yanzu Hausarta ta fi tawa, ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Ta ce, “Yaya, me kika yi mana haka? Ke muke jira! Duk ke muke kallo!”

Na ce Babban Yaya ya ce yana hanya.

“Ina yake? Ke ce a tsaye a wurin. Da kin ɗaga ƙafa ɗaya da duk mun biyo ki.”

Bayan kamar awa ɗaya mota ta tsaya a ƙofar gida. Direba ne shi kaɗai, da katan-katan na lemo da wani zagayen fure na roba. Ya ce oga ya ce a yi haƙuri, taro ya riƙe shi. Ashe ko kujerarsa bai bari ba. Daga ofis yake zaune yana rubuta mini ya wuce Kaduna, don kada a ce bai damu ba. Mutumin da aka goya a bayan acaɓa! Kai Babban Yaya, in wannan ya iso gare ka, ka sani da ka ce ba za ka zo ba da na yafe maka tun a ranar. Kowa yana da uzuri. Amma ka san dokar gidan, ka san abin da “ina hanya” take yi mana, ka ɗauke ta ka ɗaure mana ƙafafu a bakin kabarin matar da ta kafa ta dominka. Fure na roba! Mama da ko kwanon roba ba ta yarda a zuba wa baƙo abinci a ciki.

Na zage shi a raina har na gaji, kuma zagin bai rage mini komai ba, domin na san gaskiya. Ba jiransa kaɗai ya riƙe ni ba. Da fasto ya ce ’ya’yan marigayiya, wata murya a cikina ta ce, ke da kika yi shela a tasha? Saƙon wayar nan mafaka ya zame mini. Sau biyu ke nan ina musun matar nan a bainar jama’a, na farko da baki, na biyu da ƙafa.

Saura dama ɗaya, sujadar godiya ta ranar Lahadi, inda ake kiran iyalin mamaci su fito gaba. Ranar Asabar na bi ’ya’yan Mama ɗaya-ɗaya, wasu har sun kai tasha. Ban roƙi kowa ba, umarni na bayar, tunda dai an ce ni ce babba.

A coci an keɓe benci ɗaya tak a gaba domin iyali, ɗan wan mijinta da matarsa da wasu tsofaffi biyu suna kai. Fasto bai gama cewa iyalin marigayiya su fito ba na miƙe. Ban waiwaya ba, amma na ji bencuna suna ƙara a bayana. ’Yan’uwanmu Musulmi da ke zaune a ƙarƙashin bishiyar waje suka taso suka cika bakin ƙofa. Ɗan wan mijin ya tare ni a tsakiyar hanya, yana magana ƙasa-ƙasa.

“Malama, iyali aka ce.”

“Na ji.”

“In maganar gidan ce, a bari a gama...”

“Riƙe gidanka, ko cokali ba mu zo ɗauka ba. Uwata ce.” Na ɗaga murya kamar yadda na ɗaga a tasha, har mawaƙa suka tsaya. “Uwata ce, kuma ni ce babba a nan. Matsa mini.”

Ya matsa. Dattijon da ke zaunar da mutane ya rasa yadda zai yi, ya duba bayana ya ce, “’Yata, ku nawa ne?”

Na ce, “Ta hana a ƙirga mu, Baba. A ƙaro benci.”

Da la’asar muka koma gidan muka ɗora tukunya. Ni na yi miyar, karkashi da busasshen kifi, kuma na zuba kanwa yadda take zubawa. Aka zagaye faranti, kowa ya naɗe hannu yana kallona. Wayata ta yi ƙara, Babban Yaya ne, wai wannan karon da gaske yana tafe. Na kife ta a ƙasa na sa hannu a tuwo. Tunda aka kafa gidan nan ba a taɓa ci ba alhali wani ya ce yana hanya, sai ranar. Na so ya zo ya tarar an ci, ya tuna shi baƙo ne.

Muna cikin ci na ga ƙanwata ta tashi ta ɗebi malmala biyu ta sa a kwano, ta zuba miya, ta rufe, ta ajiye wa Babban Yaya a gefen murhu. Na buɗe baki zan ce ta mayar. Sai na gane kwanon. Shi ne wanda aka rufe mini kwana bakwai bayan abin da na faɗa a tasha. Na mayar da bakina na rufe.

Ubangiji ya ba ki hutu, Mama, ya sa ki a inda ba a tambayar mace ’ya’ya nawa ta haifa. Coci guda ta ji na ce uwata ce. Ke kaɗai ce ba ki ji ba, kuma ke kaɗai nake so ki ji.